Tsirrai masu ban mamaki

Idan damana ta faɗi, daji duka yana yin kore shar. Kuka da tsamiya da aduwa duk suna cika da ganye. Amma wanda ya bi hanyar Matamai ko Magariya a watan Agusta zai ga waɗansu manyan itatuwa cikin gonaki, babu ganye ko ɗaya, sai ka ce sun mutu. Ba su mutu ba. Gawo ne.

Gawo

Gawo yana saɓa wa sauran itatuwa. Da farkon damana yake zubar da ganyensa. Da kaka, lokacin da ruwa ya ɗauke, sai ya yi sabon ganye da fure. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, shi yana kore.

Ina yake samun ruwa da rani? Asirin yana ƙarƙashin ƙasa. Babbar saiwarsa tana nutsewa ƙwarai, a wani wuri fiye da mita 20, har ta cimma ruwan da ake samu in an gina rijiya.

Wannan hali yana amfanin manomi. Ganyen da ya zuba yana ruɓewa ya zama taki. Tun da babu ganye da damana, inuwarsa ba ta hana hatsi samun rana. Kuma gawo dangin wake da gujiya ne: a saiwarsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu ɗaukar abincin tsiro daga iska. Da rani, shanu da awaki da tumaki suna taruwa a gindinsa, suna cin ƴaƴansa, suna barin kashi. Ƙwayar gawo tana da tauri, amma in ta ratsa cikin dabba, takan fi saurin tsira. Shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na sauran gona kyau.

A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saren gawo. Daga shekarun 1980 kuma, manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin ƙananan itatuwa in suna sassabe. Ta haka gonaki kamar eka miliyan 12, wato hekta miliyan 5, suka sake samun itatuwa.

Ƙuduji

Ƙuduji yana da fure mai kyau, amma ɓarawo ne. Ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura, kuma tsiro guda yana yin dubbai. Tana iya kwana cikin ƙasa shekara 10 ko fiye, ba ta tsira ba. Jira take yi. Saiwar hatsi da ta dawa suna fitar da wani ruwa kaɗan cikin ƙasa. Da ƙwayar ta ji shi, sai ta tsira, ta manne wa saiwar, ta shiga tsotsar ruwa da abinci. Kafin ya fito fili, ya riga ya yi ɓarna: hatsi ya tsumbure, ganyensa ya yi rawaya.

Ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta gaji. Maganinsa shi ne zuba taki, da sauya shuka, da tuge shi a ƙone tun bai yi ƙwaya ba.

Welwiciya

Can kudancin Afirka, cikin hamadar Namib ta ƙasashen Namibiya da Angola, akwai tsiro mai suna welwiciya. Ganye 2 kaɗai yake da su duk rayuwarsa. Suna ta tsawo daga gindi, bakinsu yana bushewa, iska tana yayyaga su. A wurin da ruwan sama bai cika zuwa ba, waɗansu sun rayu fiye da shekara 1000.

Tambayoyi

1. A wane lokaci gawo yake zubar da ganyensa?
2. Ku faɗi amfani 3 da manomi yake samu daga gawo.
3. Mi ke sa ƙwayar ƙuduji ta tsira?
4. Don mi ake tuge ƙuduji tun bai yi ƙwaya ba?

Aiki

Ku ƙidaya gawon da ke cikin gonarku. Ku tambayi iyayenku ko sun fi yawa yanzu, ko a lokacin ƙuruciyarsu.