Amsoshin Tambayoyinku: Makin Katin 'Yan Wasa

Aminu daga Zariya yana tambaya: me ya sa katuna biyu masu hoton ɗan ƙwallo ɗaya suke bambanta a farashi?

Mun gode, Malam Aminu. Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne lafiyar katin. A Amurka akwai kamfanoni irin su PSA da ke duba kati su ba shi maki, daga 1 zuwa 10. Suna duba kusurwoyi, da gefe, da fuskar katin, ko akwai tabo ko lanƙwasa. Suna kuma duba ko hoton ya zauna daidai a tsakiya. Karkacewar hoto daga wurin bugu take, amma tana rage maki. Daga nan sai a rufe katin cikin roba mai tauri, makin a rubuce a sama.