Amsoshin Wasiƙun Masu Sauraro: Zaman Pierre Verger a Bahia

Pierre Verger Bafaranshe ne mai ɗaukar hoto. An haife shi a birnin Paris ranar 4 ga Nuwamba 1902, ya rasu a birnin Salvador na jihar Bahia a ƙasar Barazil ranar 11 ga Fabrairu 1996. A kansa wasiƙun wannan makon suka taru. Ta farko daga Damagaram take, daga wani malami mai shagon hoto, wanda ya ce ya ci karo da aikin Verger a intanet, yana kuma son sanin abin da ya raba mutumin da ƙasarsa, da abin da yake ɗebe kewa da shi a baƙon wuri idan ya rataye kyamara.

Verger ɗan masu hali ne, gidansu na da babbar maɗaba'a a Paris. Bai ƙare sakandare ba. Mahaifinsa da 'yan'uwansa maza biyu sun riga sun rasu, a 1932 kuma mahaifiyarsa ta bi su, sai ya zamana ba abin da ya rage da zai riƙe shi a gida. A shekarar ce abokinsa Pierre Boucher ya koya masa ɗaukar hoto, ya sami kyamara ƙirar Rolleiflex, ya kama hanya. Ya yi kusan shekara goma sha huɗu yana yawon duniya: Tahiti, Amurka, Japan, Sin, Filifin, Meziko, Peru, Ajantina. Da kuɗin hotunan da yake sayar wa jaridu irin su Paris-Soir yake biyan kuɗin jirgi da na masauki. Tsakanin 1935 da 1936 ya ƙetaro Sahara daga Aljeriya, ya ratsa ƙasashen da yau ake kira Mali da Togo da Benin da Nijar.

A watan Agusta 1946 ya sauka a Salvador. Wani littafin ƙagaggen labari na Jorge Amado mai suna Jubiabá, wanda ya karanta da Faransanci, shi ya kwaɗaita masa garin. Mujallar O Cruzeiro ta ɗauke shi aikin hoto. Mutumin da bai saba daɗewa a wuri ɗaya ba, nan ya kafa gindin zama, ko da yake ya ci gaba da kai da komo tsakanin Bahia da Afirka ta Yamma shekaru da yawa.

Tambayar malamin ta biyu tana da wuyar amsawa kai tsaye, domin a wajen Verger ba a iya raba aiki da shaƙatawa. Babban abin sha'awarsa shi ne yawo a ƙafa cikin talakawan gari, kuma hotunansa su ne shaidar inda ƙafar ta kai shi. Salvador gari ne mai hawa biyu, unguwannin tudu da na bakin teku, kuma yawancin mutanensa jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Verger ya ɗauki 'yan dako a bakin kasuwar ruwa inda jiragen filafilai ke sauke kaya. Ya ɗauki masunta suna jan koma a Itapuã, da 'yan wasan capoeira, wato kokawar nan da ake yi da kiɗa, da taron kanibal, da matan da ke soya acarajé a bakin titi, wanda ƙosai ne ba wani abu ba, sai dai da manja ake soya shi. Har masu barcin rana a kan benci da gindin bango bai bari ba, ya tara hotunansu da yawa.

Mai shagon hoto zai fi kowa gane rawar da kyamarar ta taka. Rolleiflex ba a kai ta ido. A ƙirji ko a ciki ake riƙe ta, mai ɗauka ya sunkuyar da kai yana duba gilashin da ke samanta. Wanda ake ɗauka ba ya jin an auna shi, sau da yawa ma bai san an ɗauka ba. Fim ɗaya hoto goma sha biyu yake ci, kowanne murabba'i mai santimita shida, don haka ba a ɓarnar dannawa. Wannan ne ya sa mutanen da ke cikin hotunan Verger suke a sake, ba su ƙame kamar masu jiran hoton fasfo ba.

Bayan yawo sai abota. A Bahia ya shaƙu da Jorge Amado ɗin nan da littafinsa ya jawo shi, da mai zane Carybé, wanda shi ma baƙo ne haifaffen Ajantina. Yana kuma da son rubuta wasiƙa. Abokin wasiƙarsa mafi kusa shi ne masanin al'adu Alfred Métraux, ɗan Suwizalan, wanda aka haifa ranar 5 ga Nuwamba 1902, kwana ɗaya tak bayan Verger, har sukan kira juna tagwaye. Sun yi ta musayar wasiƙu har rasuwar Métraux a 1963, daga baya aka tara su aka buga a littafi. Game da masauki, ya fara da ɗakin otal a tsakiyar gari, daga bisani ya koma wani gida mai jan fenti a Vila América, unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Kayan ɗakinsa ba su taka kara sun karya ba. Littattafai da takardu da akwatunan nagatif ne suka cinye wurin. Da ya tsufa, rigunan atamfa irin na Afirka ta Yamma ya fi sawa.

Wasiƙa ta biyu wata malama ce ta aiko daga Kaduna. Tana tambaya ko gaskiya ne wannan Bature ya zama boka a ƙasar Yarbawa.

Akwai gaskiya a ciki, amma tana bukatar bayani. A Bahia akwai addinin gargajiya da ake kira candomblé, wanda bayi Yarbawa da Fon da wasunsu suka taho da saiwarsa. Ana kiɗa da rawa, abin bautar ya hau kan wasu, kusan yadda ake yi a bori. Verger ya fara zuwa gidajen wannan bauta ne a matsayin ɗan kallo mai kyamara. Shugabar ɗaya daga cikin manyan gidajen, Ilê Axé Opô Afonjá, wadda ake kira Mãe Senhora, ta karɓe shi hannu biyu. Daidai lokacin Théodore Monod, shugaban cibiyar bincike ta IFAN da ke Dakar, ya ba shi tallafin kuɗi don ya je Dahome, wato Benin ta yau, da Najeriya ya gano asalin abin da ya gani a Barazil. A 1953, a garin Ketu da ke Jamhuriyar Benin ta yau, aka shigar da shi cikin masu duban Ifa, wato babalawo, aka raɗa masa suna Fatumbi. Da wannan suna ya ci gaba da sa hannu a littattafansa.

Sai dai bai buɗe wurin duba yana karɓar kuɗin jama'a ba. Shi da kansa ya sha gaya wa masu hira da shi cewa tarbiyyar Faransa ta bar shi da shakka a kan irin waɗannan al'amura. Abin da shigar ta ba shi shi ne izinin zama inda ba a barin baƙo, da jin abin da ba a faɗa wa ɗan kallo. Ya kuma zama ɗan aike tsakanin gaɓar teku biyu: yana nuna wa dattawan Oyo da Ketu hotunan bukukuwan Bahia, yana komawa da saƙonni da kyaututtuka, har da sarautar gargajiya da Alafin na Oyo ya aika wa Mãe Senhora ta hannunsa.

A nan ne sha'awa ta fara cin sana'a. Verger ya ɗauka hotunan da ya miƙa wa IFAN sun biya bashin tallafin, Monod ya ce a'a, sai ya rubuta abin da ya gani. Ba da son ransa ya kama alƙalami ba, amma daga nan littafin Dieux d'Afrique ya fito a 1954, wani babban kundi a kan bautar orisha da vodun, wato ababen bautar Yarbawa da Fon, ya biyo baya a 1957. A 1958 shi da masanin zamantakewa Roger Bastide suka bi kasuwannin ƙauyukan kudancin Dahome suna nazarin yadda ranakun cinsu ke zagayawa duk kwana huɗu. Sannan ga tsirrai. Kusan shekara arba'in yana tattara sunayen ganyaye da saiwoyi da haɗe-haɗen magunguna daga bakin masu maganin Yarbawa, yana neman masana su daidaita kowane suna da na kimiyya. Ya lura cewa a wajen masu maganin ganye kaɗai ba ya aiki sai an haɗa da kirarin da ake yi masa, kuma sau da yawa kalmar aikin da ake so maganin ya yi tana ɓoye cikin sunan ganyen. Littafin wannan aiki, Ewé, mai ɗauke da sunayen tsirrai na Yarbanci fiye da 3,000, a 1995 ya fito, mai shi ya haura shekara casa'in. Kyamara kuwa tun cikin shekarun 1970 ya ajiye ta.

Wasiƙa ta uku daga zangon Kumasi take. Wani Alhaji ne ya ce ya ji ana cewa akwai labarin Hausawa a rubuce-rubucen wannan mutum, yana so a tabbatar masa.

Akwai, kuma ta hanyar wani abin sha'awar nasa labarin ya shigo, wato tonon tsofaffin takardu. A garin Wida da ke gaɓar Benin ya sami wasiƙu fiye da ɗari na wani dillalin bayi na ƙarni na 19 mai suna José Francisco dos Santos, waɗanda ke lissafa mutane kamar ana lissafa buhuna. Daga nan ya bi ma'ajiyar takardun tarihi a Bahia da Rio de Janeiro da Lisbon da Landan da Paris, shekara da shekaru yana kwafa. Sakamakon shi ne kundin da Jami'ar Sorbonne ta ba shi digirin dakta a kansa a 1966, shi da bai da takardar gama sakandare. An buga shi a 1968 da sunan Flux et reflux, ya bi tarihin cinikin bayi tsakanin gaɓar Benin da Bahia daga ƙarni na 17 zuwa na 19.

Jigon littafin taba ce. Dokar Fotugal ta hana shigar da taba mai daraja ta uku Lisbon, sai manoman Bahia suka riƙa shafe ta da kakkauran ruwan rake don kada ta bushe, suna kai ta gaɓar Benin. Masu sayar da bayi a can suka fi son wannan taba mai zaƙi a kan kowace haja. Da haka fataken Bahia suka kafa ciniki kai tsaye da Wida da Porto-Novo da Legas ba tare da bi ta Lisbon ba, wannan ne kuma ya sa mutanen wannan yanki da na ƙasashen da ke bayansa suka fi yawa a cikin bayin da aka kai Bahia a ƙarshen zamanin cinikin.

Cikinsu akwai Hausawa, musamman bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a 1804, lokacin da kamammu daga ɓangarorin biyu suka riƙa gangarawa kudu ta hannun fatake. Ba su zauna shiru ba. A 1807 hukumar Bahia ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa kafin ya tashi. Aka sake yin wani a 1809, sannan a 1814 suka far wa wuraren kamun kifi a wajen Itapuã. Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin ƙarshen watan azumi, wanda ake kira tawayen Malê. Kimanin mutum 600 suka fito titunan Salvador, akasarinsu Yarbawa Musulmi, da Hausawa kaɗan a cikinsu. 'Yan sanda sun sami layu da alluna da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe da gidajen waɗanda aka kama. Bayan an murƙushe tawayen aka kori da yawa daga cikin 'yantattun bayi, wasu kuma suka tafi don kansu, suka koma gaɓar Afirka. Zuriyarsu su ne Aguda na Legas da Porto-Novo da Wida, kuma a Ankara ta Ghana akwai 'yan'uwansu da ake kira Tabom. Babban masallacin Porto-Novo, mai fasalin cocin Bahia, aikin magina ne daga cikin Aguda.

Ya kamata Alhaji ya sani cewa Verger ba masanin Hausawa ba ne. Zuciyarsa tana wajen Yarbawa da Fon, labarin Hausawa kuwa ya shigo ne domin takardun 'yan sanda da na gwamnonin Bahia cike suke da shi. Wanda ya zurfafa a kan tawayen 1835 shi ne masanin tarihi ɗan Bahia João José Reis, a littafinsa na 1986.

Akwai 'yar gajeriyar tambaya a ƙasan wasiƙar Damagaram: ko Verger ya yi arziki da hoto, kuma ina hotunan suke yanzu. Bai tara dukiya ba. Abin da ya riƙe shi a rabin rayuwarsa na biyu shi ne albashin bincike, daga cibiyar CNRS ta Faransa, da jami'o'in Ibadan da Ife, da Jami'ar Tarayya ta Bahia, inda ya taimaka wajen kafa gidan tarihin Afirka da Barazil da aka buɗe a 1982. Mutanen Barazil kansu ba su san girman aikin hotonsa sosai ba sai daga 1980, da kamfanin ɗab'i na Corrupio ya fara buga littattafansa da harshen Fotugis. A 1988 ya kafa gidauniya mai sunansa, ya mallaka mata gidan Vila América da ɗakin karatunsa da faya-fayan muryoyin da ya naɗa da nagatif kimanin 62,000. Gidauniyar tana nan a gidan, masu bincike na zuwa duba kayan, tana kuma da wurin baje kolin hotuna a tsohon garin Salvador da wata cibiya da ke koya wa yaran unguwar kiɗa da capoeira.