MACE DA KEKEN ƊINKI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Tun da wani Ba'amurke, Isaac Singer, ya fito da kekensa na ɗinki a 1851, da wuya a sami wata na'ura da ta shiga ɗakin mace ta ba ta abin hannu kamar wannan. Sana'a ce da matar aure ke iya yi ba ta fita ba, gama mata 'yan'uwanta ke kawo mata aiki har gida, kuma sun fi sakin jiki ta gwada su da a ce namiji ne. Amma sau da yawa a kan ga mace ta shekara goma da keke ɗaya, ba ta ƙaru da kome ba. Ya kamata hakimai su san dalili.

Babban dalili shi ne haɗa kuɗin sana'a da kuɗin gida. Ta karɓi ladan ɗinki da safe, kafin azahar ya tafi wajen cefane ko gudummawar biki. Ran da ƙoshiya ta lalace, ko zare ya ƙare, sai aiki ya tsaya. Maganin wannan kuwa shi ne ta riƙa raba abin da ta samu kashi uku: na zare da allura da man keke, na ajiya, sa'an nan nata na kashewa. Kashin ajiya shi za ta zuba adashi, in ta kwasa ta sayi keke na biyu, ta ɗauki yarinya mai koyo. Daga nan ne sana'a ke soma girma.

Na biyu shi ne rashin rubutu. Lalle ne ta sami littafi, ko da boko ko da ajami, ta rubuta sunan mai kaya, da awonta, da yawan yadin da ta kawo, da kafin alƙalamin da ta bayar, da ranar karɓa. Turmin atamfa yadi shida ne. In an rubuta an kuma mayar da ƙyallen da ya ragu, ba sauran zargi. Galibin ƙarar da kan zo gaban mai unguwa a kan ɗinki ana gab da Salla ne, watau tela ta karɓi aikin da ya fi ƙarfinta don jin nauyin mutane, ta kasa cika alkawari. Gara ta ƙidaya abin da za ta iya tun farkon azumi, in ya cika ta rufe karɓa. Mai jin haushi yau za ta dawo, amma wadda ta yi Salla da tsohon zani ba ta dawowa.

Har wa yau, Salla biyu ce a shekara, ciki kuwa kullum ne. Saboda haka sai ta nemi aikin da ba ya yankewa, kamar kayan 'yan makaranta da hijabai da ankon biki. Mata huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su aika a saro musu yadi a Kantin Kwari a Kano, ya zo musu da rahusa.

To, ga inda hakimi ke shiga. In makaranta za ta ba da ɗinki, ya tuna wa shugabanninta da matan garin. In ƙara ta zo, a fara tambayar littafi. Malamin hakimi kuma ya taimaki wadda sana'arta ta kai ta buɗe shago wajen cika takardun rajistar suna a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda aka kafa a 1990, gama sai da wannan takarda banki ke buɗe mata asusu da sunan shagon. Kada ya karɓi ko kwabo a hannunta ban da kuɗin da hukuma ta yanka.