Kada Ku Raba Shi da Gona

Ɗana, na ji abin da ya sami ƙanenka a bakin injin sussuka. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. An kuma ce mini kun yanke shawarar ya zauna gida ku riƙa ciyar da shi. Zumunci kuka nufa, na sani, amma ku sake tunani.

Hannu injin ya ci, bai ci saninsa ba. Yaron nan ya san ƙasar da gero ke so, yana gane tunkiya marar lafiya tun daga tafiyarta. In kun zaunar da shi, bana za ku ciyar da shi da murna, baɗi da haƙuri, daga nan sai wani ya kwaɗaita masa shiga birni bara.

Ku fara da asibiti. A Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ana yin hannu da ƙafa na roba, akwai kuma masu gashin ƙashi da za su koya masa aiki da dungulmin. Kada ku ja lokaci, gaɓar da aka bari ba motsi sandarewa take yi.

Sai maganar sana'a. Ni dai ba na son ɗabi'ar nan, da an ce naƙasasshe sai a tura shi gyaran takalmi, ko yana so ko ba ya so. Ku tambaye shi tukuna. Turkar raguna ba ta gagari mai hannu ɗaya ba: a saya watanni kafin babbar salla, a tanadi dusa da harawa. Ga renon irin tumatir da attaruhu a fadama, ga awon hatsi ranar kasuwa. Inda kayan aiki suka ƙi, su za a gyara. A Amurka akwai shirin AgrAbility, tun 1991 aikinsa ke nan, har abin ɗaga mutum ake sa wa tarakta don manomin da ƙafafunsa suka mutu ya iya hawa. Mu nan maƙeri muke da shi, kuma zai iya gajarta ƙotar fartanya ya sa mata maɗauri.

Gonarsa ta gado kuwa, kada wani ya karɓe ta da sunan riƙo. Ku yi masa gayya lokacin huɗa da girbi, amma shi zai faɗi abin da za a shuka, kuma rumbunsa za a kai amfanin.