Wa Ya Cancanci Sa Ido Kan Masu Juya Kuɗin Kamfani a Kasuwar Hannun Jarin Amurka?



Ina aiki ne a sashen tabbatar da bin doka na wani kamfanin dillancin hannun jari a Amurka, kuma kaso mai tsoka na aikin nawa rajistar ma'aikata ne: wa ya ci wace jarrabawa, wa aka ba izinin yin me, wa zai iya sa hannu a kan aikin wa. Cikin tambayoyin da manya kan kawo mini, akwai wadda ta fi kowacce maimaituwa. Sai a ce, "Wane ya daɗe a gidan nan, kowa na ganin girmansa, ga shi ya ci jarrabawar shugabanci ta Series 24, me zai hana mu ɗora shi a kan teburin masu cinikayya?" Amsar ita ce doka ta hana, muddin shi kansa bai yi rajistar mai cinikayya ba. Da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin tsaurin banza irin na masu takarda. Ni kuwa ina ganin tana cikin ƙa'idojin da suka fi ma'ana a wannan sana'a, shi ya sa na ga ya dace in warware ta, musamman ganin yaranmu sun fara shiga harkar.

Kamfanin dillanci yana ciniki iri biyu. Akwai wanda yake yi a madadin abokin hulɗa, ya saya masa ko ya sayar masa, ya karɓi la'ada. Akwai kuma wanda yake yi da aljihunsa, inda zai damƙa wa ma'aikacinsa jarin kamfani ya ce je ka juya, riba tamu, asara ma tamu. Wannan na biyun shi ne batunmu. Hatsarinsa a bayyane yake: babu wani abokin hulɗa da zai duba takardarsa a ƙarshen wata ya yi ƙorafi. Idan ɓarna ta fara, wanda aka ɗora a kan mai cinikayyar ne kaɗai zai iya gano ta da wuri. Kamar yaron shago ne a Kantin Kwari da maigida ya sakar wa kaya. In wanda aka sa ya riƙa duba littafinsa bai san bambancin shadda mai tsada da mai arha ba, duk abin da yaron ya rubuta haka zai karɓa.

A Amurka hukumar gwamnatin tarayya mai kula da wannan kasuwa ita ce SEC, wadda aka kafa a 1934. Amma rajistar ma'aikatan kamfanonin dillanci da jarrabawarsu suna hannun FINRA, wadda aka samar a 2007 bayan haɗe tsohuwar ƙungiyar NASD da sashen sa ido na kasuwar hannun jari ta New York. Kafin 2016 abin a rarrabe yake. FINRA tana da jarrabawar Series 55, kasuwannin hannun jari kuma suna da tasu, Series 56, ta masu ciniki da kuɗin kamfani. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma sai ya zauna jarrabawa biyu masu kama da juna. Ranar 4 ga Janairun 2016 aka maye gurbinsu duka da Series 57, aka kuma fito da rajista iri biyu: ta mai cinikayya, da ta shugaban da ke sa ido a kansa. Waɗanda suke da tsohuwar rajista an bar su da matsayinsu. A yau waɗannan tanade-tanade suna cikin Doka ta 1220 ta FINRA, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoban 2018.

Wanda zai zama shugaban masu cinikayya sai ya haye matakai uku. Na farko jarrabawar share fage da ake kira SIE, tambayoyi 75, kuma duk wanda ya kai shekara 18 zai iya zaunawa ko da ba ya aiki a kowane kamfani. Na biyu Series 57, tambayoyi 50 cikin awa ɗaya da minti 45. Na uku Series 24, ta shugabanci, tambayoyi 150 cikin awa uku da minti 45. Kowacce sai an samu maki 70 cikin ɗari ake ci. Biyun ƙarshe ba a zaunarsu da ƙashin kai, sai kamfani mai rajista ya tsaya wa mutum ya shigar masa da fom ɗin U4. A wannan fom ake bayyana wuraren da ya yi aiki, inda ya zauna, ko an taɓa gurfanar da shi, ko ya taɓa karyewa a harkar kuɗi, sannan a ɗauki hoton yatsunsa a bincika. Wanda kotu ta samu da babban laifi cikin shekara goma da suka wuce, doka ta hana shi aikin, sai in an bi wata hanya ta musamman an nemi izini. Wanda ya faɗi jarrabawa kuma zai jira kwana 30 kafin ya sake, in ya faɗi sau uku a jere sai ya jira kwana 180.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne a nan. Mutum yana iya cin Series 7, jarrabawar dillalai, da Series 24, ya zama cikakken shugaba mai sa ido kan dillalan da ke hulɗa da jama'a, ya shekara ashirin yana wannan aiki ba tare da tabo ba, amma duk da haka ba shi da ikon sa ido kan teburin cinikayya sai ya koma ya ci Series 57. Haka abin yake ta ɗaya gefen: wanda ya zo ta Series 57 da Series 24 kaɗai, shugabancinsa a kan cinikayya ya tsaya, ba zai tsallaka ya kula da masu sayar wa jama'a hannun jari ba. Na sha ganin yadda fuskar babban ma'aikaci kan canza idan aka ce masa ya koma ya zauna jarrabawar da yaran da ke ƙarƙashinsa suka ci. Ina fahimtar nauyin abin. Sai dai duk wanda ya buɗe manhajar Series 57 ya duba abin da ke ciki zai gane dalili.

Jarrabawar tana tambaya ne kan abubuwan da ake yi a teburin kowace rana. Idan mai cinikayya zai sayar da hannun jarin da bai mallaka ba, da niyyar ya aro ya miƙa, dole ya sanya wa odar alamar da ke nuna haka, kuma dole kafin ya sayar a tabbatar akwai inda za a aro. (Batun halaccin irin wannan ciniki a Musulunci na malamai ne, ni tsarin doka nake bayani.) Cinikin da aka ƙulla a wajen kasuwa dole a kai rahotonsa cikin daƙiƙa goma. An hana mai cinikayya ya riga abokin hulɗa saye don ya san odarsa na tafe. An hana jera odar bogi don a ruɗi kasuwa farashi ya motsa sannan a janye. An hana mutum ya sayar wa kansa don a ga kamar ana ciniki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan laifuffuka da yake zuwa da tambari a goshi. A kan allo duk layukan lambobi ne, kuma odar bogi da odar gaskiya kamanninsu ɗaya ga wanda bai san yadda ake saka su ba. Shugaban da bai taɓa koyon wannan ba zai karɓi rahoton yamma, ya ga an ci riba, ya sa hannu. Alhali ribar da ta yi yawa ba tare da bayani ba ita ce abin da ya fi cancanta a tsaya a bincika.

Tarihin wannan sana'a cike yake da misalai, ko da yake ba duka a Amurka suka faru ba. Bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa tun 1762, ya durƙushe a 1995 bayan Nick Leeson ya tafka asarar fam miliyan 827 a Singafo. Shi ne mai cinikayya, shi ne kuma mai kula da ofishin da ke tantance cinikin, manyansa a Landan suna ta murna da ribar da ba su fahimci tushenta ba. Aka sayar da bankin kan fam ɗaya. A 2008 bankin Société Générale na Faransa ya yi asarar yuro biliyan 4.9 ta hannun Jérôme Kerviel. A 2011 bankin UBS ya yi asarar dala biliyan 2.3 a reshensa na Landan. A duk waɗannan akwai mutanen da aka rubuta sunayensu a matsayin masu sa ido.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kamfanin Knight Capital a Amurka, domin babu wani ɓarawo a cikinsa. Ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin ya fara aiki da sabuwar manhaja. Manyan kwamfutocin da ke aika oda guda takwas ne, an sabunta bakwai, aka manta da ɗaya, kuma babu mutum na biyu da aka sa ya duba aikin. Wata tsohuwar manhaja da aka daina amfani da ita tuntuni ta farka a kan wannan kwamfutar ta shiga aika oda ba ƙaƙƙautawa. Tun kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika wa ma'aikata saƙonni 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauki mataki. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 460, a ƙididdigar SEC, wadda daga baya ta ci shi tarar dala miliyan 12. Shi ya sa ban yi mamaki ba da FINRA ta faɗaɗa dokar: daga 30 ga Janairun 2017, duk wanda shi ne babban mai alhakin tsarawa ko yin gagarumin sauyi ga manhajar da ke ciniki da kanta, da wanda ke kula da wannan aiki yau da kullum, dole su yi rajistar mai cinikayya. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu masu ilimin kwamfuta da ke samun aiki a irin waɗannan kamfanoni suna zaton su ba ruwansu da jarrabawar kasuwa. Na ga injiniyoyin da ba su taɓa saye ko sayar da hannun jari ko ɗaya da hannunsu ba, amma abin da suka rubuta yana juya kuɗin da ya fi na dukan mutanen teburin.

Akwai sassauci ɗaya da doka ta yi, kuma shi ma ana yawan yi masa mummunar fahimta. Idan shugaba ya bar aiki kwatsam, kamfani zai iya naɗa wani ma'aikaci mai rajista ya riƙe kujerar har kwana 120 kafin ya ci jarrabawar shugabanci. Amma da sharuɗɗa: sai ya yi aƙalla wata 18 yana aiki da rajista cikin shekara biyar da suka gabata, kuma sai ya riga ya cika sauran sharuɗɗan da ke ƙasa, wato a nan ya zama yana da Series 57 ɗinsa. Kwanakin kuwa har da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa. Idan wa'adi ya cika bai ci ba, dole ya sauka. Shawarata kullum ita ce kada kamfani ya jira sai kujera ta zama fanko. A sa mutum na biyu ya ci jarrabawar tun ana zaman lafiya.

Rajista kuma ba a yinta sau ɗaya a naɗe hannu. Tun daga 2023 kowane mai rajista sai ya kammala darasin sabunta ilimi na FINRA kafin 31 ga Disamba na kowace shekara, ban da horon da kamfani ke shiryawa. Wanda bai yi ba, rajistarsa za ta tsaya, kuma duk sa hannun da ya yi a wannan hali matsala ce ga kamfanin. Wanda ya bar aiki, kamfani zai shigar da fom ɗin U5 cikin kwana 30 ya faɗi dalilin rabuwar. In ya shekara biyu ba rajista, jarrabawarsa ta faɗi, sai dai in ya shiga shirin da aka fara a 2022 wanda ke ba shi damar riƙe ta har shekara biyar yana yin darussan shekara-shekara. Su ma kamfanonin da ke ciniki da kuɗinsu kaɗai, waɗanda a da da yawansu suke fakewa da wata kafa a doka ba su shiga FINRA ba, SEC ta taƙaita wannan kafar a 2023.

Ba na cewa cin jarrabawa ya isa. Doka ta 3110 ta FINRA ta wajabta wa kamfani ya rubuta tsarin sa idonsa: wa zai duba me, yaushe, kuma ina shaidar cewa ya duba. A aikina na ga shugabanni masu cikakkiyar rajista da suke tsoron tambayar mai cinikayyar da ke kawo wa kamfani kuɗi, don kada ya yi fushi ya koma wani wuri. Na ga kuma waɗanda ladansu na ƙarshen shekara ya rataya a kan ribar teburin da suke sa wa ido, abin da ke sa ido ya yi nauyin gani. Jarrabawa ba ta maganin wannan. Abin da take tabbatarwa shi ne wanda aka ɗora ba zai ce bai san abin da yake kallo ba, kuma idan hukuma ta zo bincike akwai sunan mutum guda da za a tambaya.

Ga matasanmu na gida kuma, akwai abin lura. Tallace-tallacen da ke yawo a intanet na wasu kamfanoni da ke cewa ka biya kuɗin gwaji, in ka ci su ba ka jari ka juya, ba su ne abin da nake bayani a kai ba. Akasarinsu ba mambobin FINRA ba ne, kuma cin gwajinsu ba rajista ba ce a wurin kowace hukuma. A Najeriya hanyar da doka ta sani ita ce ta hukumar SEC ta ƙasa da Cibiyar Ƙwararrun Dillalan Hannun Jari da aka kafa a 1992.

Don haka, ɗan'uwa, idan an yi maka tayin kujerar shugabanci a teburin cinikayya, ka fara neman a nuna maka rajistarka a rubuce kafin ka sa hannu a kan rahoton kowa. Idan kai ne mai cinikayyar, ka san wanda aka rubuta a matsayin mai sa ido a kanka, ka kuma tabbatar ya cancanta. Idan kuwa wani ne ya zo maka da cewa shi dillali ne ko shugaba a wani kamfanin Amurka, shafin BrokerCheck na FINRA kyauta ne; ka rubuta sunansa ka ga kamfanin da yake aiki da jarrabawar da ya ci kafin ka ba shi ko sisi. Allah Ya ba mu halal, Ya tsare mana amanar da aka damƙa mana.