Kaki da Faranti: Nasiha ga Iyayen Zongo

'Ya'yana da jikokina na Zongon Kwatano, ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan.

Kullum idan na dawo daga sallar asuba a babban masallacin Zongo, nakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida har rana ta ɗaga. Wajen ƙarfe bakwai da rabi sai yaran unguwa su kasu gida biyu. Wasu cikin kaki, jaka a baya, suna sauri kada a rufe ƙofa. Wasu kuma faranti a ka, sun nufi kasuwar Dantokpa da ƙosai ko goro ko ruwan leda, suna kauce wa 'yan zemijan, masu babur ɗin haya masu rawayar riga. Akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, tsohon ɗankwali ne gammonta. Idan 'yan kaki suka zo wucewa sai ta tsaya tana kallonsu har su sha kwana, sannan ta gyara farantinta ta kama hanya. Wannan kallon nata ne ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Ni ma ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ne ya kawo shi bakin teku, kuma yana tsoron karatun nasara ya raba ni da sallah. Ya ba ni allo, na sauke, ina yi masa addu'a a kan haka har gobe. Amma wata rana, ina da mata da 'ya'ya, aka miƙo mini takardar rumfa da Faransanci, wani ya karanta mini abin da ya ga dama, na dangwala yatsa. Bayan shekara biyu rumfar ta fita hannuna. Ranar na gane cewa a garin da kotu da asibiti da kwastan duk da Faransanci suke rubutu, wanda bai iya karatu ba da idon wani yake gani.

Zamaninku ya fi namu sauƙi. Tsarin mulkin Benin na 1990 ya wajabta karatun firamare. A 2006, lokacin Shugaba Boni Yayi, aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, daga 2017 kuma aka faɗaɗa shirin ciyar da ɗalibai a makarantu da dama. Shekara shida ce kacal, daga ajin CI zuwa CM2, yaro ya zauna jarrabawar CEP. Yau shekara nawa da muka yi sunan wasu yaran da ke talla? Kamar jiya ne.

Na san ba a rasa ɗawainiya. Akwai ɗinkin kaki, akwai littattafai, akwai kuɗin kalaci, ga ribar tallan da uwa ke haɗa kayan ɗaki da ita. Ba na raina ko dala ɗaya, don na san yadda ake samunta. Amma ke 'yata, faranti zai iya jira har yamma ko ranar hutu, shekarun koyon baƙi kuwa ba sa jira. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma 'yar da ta iya lissafi da rubutu, ita za ta riƙe miki littafin bashi gobe.

Sai maganar takardar haihuwa. Yara nawa suka kai aji shida, aka zo rajistar jarrabawa aka tarar babu ita? Maigida, yadda kake neman ragon suna, haka za ka nemi takardar jaririnka tun cikin kwanakin. Wanda ya riga ya girma ba shi da ita, ka je ofishin unguwa a nuna maka hanya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'ya'yan riƙo. Maƙwabtanmu Fon suna kiransu vidomegon, mu ma muna da namu: 'yar ƙanwa daga Malanville ko Kandi, almajiri daga Gaya ko Sakkwato. Iyayensu sun miƙa su ne da kyakkyawan zato. Idan naka ya sa kaki, na riƙo ya ɗauki tsintsiya da faranti, ka tuna amana ce, kuma za a tambaye ka.

Ku malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, allo da alli ba kishiyoyi ba ne. A yi karatu bayan asuba da bayan magariba, a saki yara da hantsi. Ga makarantun da ke haɗa Larabci da Faransanci ga mai son haka. Ku 'yan adashi, ku ware zubi ɗaya kafin Satumba don kakin marayu. Ɗa na kowa ne.

Jiya na aika aka kira mini mariƙiyar yarinyar nan mai gammon ɗankwali, muka yi magana ta mutunci. Na ɗauki ɗinkin kaki, ita ta ɗauki kalaci. Kowannenku ya san irin wannan yaro a layinsa. Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana, ya shirya mana zuriya. Amin.