Darasi: Hunhunar Ɗaki da Lafiyar Yara

Ku sani cewa baƙin tabon nan da ke bayyana a bangon ɗaki da damina, idan rufi na yoyo, ba datti ba ne kawai. Hunhuna ce, aba mai rai, tana sakin ƙwayoyin da ido ba ya gani cikin iska. Yaron da ke kwana yana shaƙarsu yakan kamu da tari da ƙaiƙayin ido. Mai ciwon huka kuwa numfashi ya sarƙe masa.

Katifar da ta jiƙe, kwana 2 sun isa ta yi hunhuna, saboda haka a shanya ta a rana tun da wuri. Shafa fenti bisa tabon yaudarar kai ce. A toshe yoyon tukuna, a wanke bangon da sabulu, a buɗe taga ya bushe. Yaron da numfashinsa ke fita da ƙyar, a gaggauta kai shi likita.